Sista, Ƙishirwa Nake Ji

Shekarata 15 ke nan ina aikin jinya a sashen taimakon gaggawa. Na saba da ihu, na saba da ƙarnin jini, na saba da ganin abin da ido ba ya son gani. Amma har yau akwai maganar da in ta fito daga bakin wanda aka kwaso daga wurin hatsari, sai gabana ya yanke ya faɗi: "Sista, ƙishirwa nake ji." Na sha jin ta, sai dai sau biyu ne ta zauna mini a rai zaman da ba za ta tashi ba. Na daɗe ina son ba da labarin, nauyinsa yana danne ni. Yau dai na daure.

Karo na farko, watana biyar kacal da kama aiki. Ina aikin dare, wajen ƙarfe ɗaya saura, sai ga motoci biyu sun shigo a guje ɗauke da mutum bakwai. Motar haya ce ta yi taho-mu-gama da wata babbar mota. Mu uku ne a ɗakin: ni, da wata babbar sista, da likita ɗaya wanda shi ma bai daɗe da fara aiki ba. Cikin waɗanda aka shigo da su akwai wani magidanci da fatar kansa ta saɓule tun daga goshi har tsakiyar kai. Jini ya rufe masa fuska, rigarsa ta jiƙe sharkaf, yana ta ƙwala ihu yana salati. Duk wanda ya shigo ɗakin a daren nan, kansa idonsa zai fara sauka. Ni ma wurinsa na nufa.

Kafin in isa gare shi na bi ta gaban wani saurayi da bai wuce shekara 20 ba. Da ƙafarsa ya shigo, mahaifiyarsa tana riƙe da shi, ko ɗigon jini babu a jikinsa. Ya dafe gefen cikinsa na hagu, ya ce kafaɗarsa ce take ɗan yi masa ciwo. Na ɗaura masa abin awon jini a gaggauce, na ga 118 bisa 92, na ce lafiya lau. Bugun zuciyarsa 116 a minti. Na rubuta a kati, na ce a raina ai firgita ce, wa zai fito daga wannan mota zuciyarsa ba ta dukan uku-uku ba? Na zaunar da shi a benci. Ya ɗago ido ya ce, "Sista, ƙishirwa nake ji." Na ce, "Yi haƙuri ƙanena, ina zuwa."

Ban dawo ba sai bayan kusan minti 40. Ina can ina wanke kan magidancin nan, ina riƙe wa likita fitila yana ɗinki, aikin da bandeji mai matsewa zai iya riƙe mana shi cikin minti biyu har mu zagaya sauran. Sai na ji an ja gefen rigata. Mahaifiyar ce. Ta ce, "'Yata, yaron nan shirunsa ya yi yawa, zo ki duba mini shi." Na iske ya langaɓe jikin bango, leɓɓansa sun yi fari kamar toka, zufa mai sanyi ta tsattsafo masa a goshi, cikinsa ya kumbura ya yi tauri. Na nemi bugu a wuyan hannunsa na rasa. Jijiyoyinsa duk sun noƙe, sai da muka sha wuya kafin allurar ƙarin ruwa ta shiga. A kan gadon turawa, daf da ƙofar tiyata, Allah ya karɓi abinsa. Saifarsa ce ta fashe, jininsa ya ƙare a cikin cikinsa yana zaune a gabanmu. Magidancin kuwa bayan kwana uku aka sallame shi.

Da gari ya waye shugabar ma'aikatan jinya ta kira ni ofishinta. Ban ji faɗa daga bakinta ba. Ta ɗauki katin ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Da kika riƙe hannunsa, da ɗumi ko da sanyi?" Na buɗe baki na rasa amsa. Na kama hannun yaron, na ɗaura awo na kwance, amma jikina ne kawai a gabansa, hankalina yana wurin mai ihu. Ta ce, "'Yar nan, mai ihu akwai iska a huhunsa, akwai jinin da ke kaiwa ƙwaƙwalwarsa. Wanda ya yi lakwas shi ne abin tsoro."

Abin da na karanta a makaranta amma bai shige ni ba sai a ranar, shi ne yadda jiki yake ɓoye zubar jini. Baligi yana da jini kimanin lita biyar. In ya fara zuba, zuciya takan ƙara sauri, ƙananan jijiyoyin fata da na hannu da ƙafa su tsuke, a tattara abin da ya rage a tura wa ƙwaƙwalwa da zuciya. Saboda haka awon jini yakan tsaya cak kamar babu komai har sai mutum ya yi asarar kusan kashi 30 cikin ɗari, wato wajen lita ɗaya da rabi. Matasa masu ƙarfi su suka fi kowa iya wannan riƙo, kuma ranar da suka saki, lokaci ɗaya suke zubewa. Alamun farko kuwa suna nan a fili ga wanda ya nema. Bugun zuciya ya haura 100, numfashi ya yi sauri, tafin hannu ya yi sanyi da danshi, in ka danna farce ka saki jan ba ya dawowa cikin daƙiƙa biyu, lambar sama da ta ƙasa ta awon jini su matso kusa da juna, ga ƙishirwa. Har ciwon kafaɗar da ya ambata alama ce, domin jinin da ya taru ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki yakan sa a ji zafin a kafaɗar hagu. Yaron nan babu abin da bai gaya mini ba.

Kowa ya ce mini kwanansa ne ya ƙare, kuma na yi imani da haka har cikin zuciyata. Amma imanin bai sauke mini nauyin minti 40 ɗin nan ba, kuma ban so ya sauke ba. Sau biyu ina rubuta takardar barin aiki ina yagawa.

Bayan shekara biyu aka tura mu kwas kan kula da masu munanan raunuka. Malaminmu wani dattijon likitan tiyata ne mai sanyin murya, kuma da labari ya buɗe. A watan Fabrairu na 1976, wani likitan ƙashi ɗan Amurka, James Styner, yana tuƙa ƙaramin jirgin sama da iyalinsa, jirgin ya faɗi cikin gona a jihar Nebraska. Matarsa ta rasu nan take. Uku daga cikin 'ya'yansa huɗu suka ji munanan raunuka. Cikin tsananin sanyi ya yi sa'o'i yana kula da su, shi ma da nasa raunin, sannan ya fita titi ya tare mota. Ƙaramin asibitin da aka kai su a rufe suka same shi, da aka buɗe kuma aka kira likitoci, sai ya ga ba su san ta inda za su fara ba, har ana ɗaga yaro mai rauni a ka ba tare da an tallafe wuyansa ba. Daga baya ya ce in har kulawar da ya iya bayarwa a jeji da hannu biyu ta fi wadda suka samu a asibiti, to tsarin ne da matsala, kuma dole a canza shi. Shi da abokan aikinsa suka shirya kwas na farko a 1978, ƙungiyar likitocin tiyata ta Amurka ta rungume shi a 1980 da sunan ATLS, wato tsarin ceto ran mai mummunan rauni, daga nan ya bazu a duniya. Ina zaune ina saurare idona ya ciko. Ashe abin da ya same ni ya sami waɗanda suka fi ni ilimi, kuma ashe yana da magani.

Maganin shi ne tsari. An jera shi da haruffa biyar, A, B, C, D, E, don kada a manta, amma ma'anarsa guda ce: a bi abubuwa gwargwadon saurin kisansu. Toshewar hanyar iska ta fi komai sauri, domin cikin minti huɗu zuwa shida na rashin iska ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa, kuma yayin da ake buɗe ta ana kiyaye wuya kada laka ta taɓu. Sai numfashi, sai jini, sai hayyaci, sannan a tuɓe mutum a duba shi gaba da baya, a kuma rufe shi nan da nan. Abin da aka gano a kowane mataki nan take ake gyara shi kafin a wuce, in mara lafiya ya rikice a tsakiya kuma a koma farko. Abu ɗaya ne aka yarda ya sha gaban hanyar iska, wato jinin da ake gani yana tsartuwa daga hannu ko ƙafa. Wannan darasi likitocin soja ne suka koya wa duniya shi a fagen fama: a danne, ko a ɗaure da maɗauri sama da raunin, a rubuta lokacin da aka ɗaure.

Malam ya koya mana tambaya ɗaya da har yau da ita nake tarar kowa: "Yaya sunanka, me ya same ka?" In mutum ya amsa da murya garau da magana mai ma'ana, cikin daƙiƙa goma ka san hanyar iskarsa a buɗe take, yana da numfashin da zai yi magana, kuma jini yana kaiwa ƙwaƙwalwarsa. In ka ji minshari ko kakari ko shiru, to ka tsaya nan. Ya kuma ce jinin da bai zuba ƙasa ba, wuri huɗu yake ɓuya: ƙirji, ciki, kwatangwalo, da cinya. Karayar ƙashin cinya ɗaya kan haɗiye fiye da lita guda ba tare da fata ta tsage ba, kwatangwalo kuwa lita-lita yake sha. Na ɗaga hannu na ce, "Ranka ya daɗe, in mutum bakwai ne a gabanka, ina lokacin bin wannan jeri?" Ya ce, "Sista, sauri ya haifi nawa. Minti biyu za ki ba kowa. Wanda ya tsallake jerin shi ne yake ɓata awa guda a wurin da ba a mutuwa." Bai san labarina ba, amma ji na yi kamar yana ɗakin a daren nan.

Akwai abin da muka daɗe muna yi da kyakkyawar niyya wanda daga baya muka gane cutarwa ne, kuma ina ganin ya kamata a faɗe shi. A da, in aka kawo mai zubar jini, leda bayan leda muke rataya masa na ƙarin ruwa, sau da yawa da sanyinsa, mu ga awo ya hau mu yi hamdala. Alhali ruwan gishiri ba ya ɗaukar iskar oksijin, ba ya daskarewa. Tsinka ɗan jinin da ya rage yake yi, ya ture gudan jinin da jiki ya fara toshe raunin da shi, ya kuma sanyaya mutum. Sanyi kuwa makashi ne a ɗakinmu. Da zarar zafin jiki ya sauko ƙasa da digiri 35, jini ya fara ƙin daskarewa. Gaɓoɓin da ba sa samun jini suna zubo tsami a cikinsa, tsamin ya ƙara hana daskarewa, zubar ta ƙaru, sanyin ya ƙaru. Ukun nan in suka kama hannun juna, da wuya a raba su. Yanzu ruwa kaɗan ake bayarwa, mai ɗumi, a gaggauta kawo jini, kuma in babu rauni a ƙwaƙwalwa ba a dagewa sai awo ya koma daidai kafin a toshe inda yake zuba. Sannan ga allurar tiraneksamik, wadda ke hana gudan jini narkewa. A 2010 aka fitar da sakamakon wani babban bincike mai suna CRASH-2, da aka yi kan mutum fiye da 20,000 a asibitoci 274 na ƙasashe 40, ya nuna tana rage mutuwa. Giram ɗaya ake bayarwa cikin minti goma, a bi da wani giram ɗin cikin awa takwas. Sharaɗinta shi ne a yi ta cikin awa uku da jin raunin, kuma a awar farko ta fi amfani. In an wuce awa uku ba ta da fa'ida, tana ma iya cutarwa. Shi ya sa ba na gajiya da tambayar masu kawo mara lafiya: ƙarfe nawa abin ya faru?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum kusan miliyan 1.19 ne ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Na sha karanta wa ɗalibai wannan adadi. Autanmu yana da shekara 24 a daren da aka kawo shi.

Ƙarfe goma saura kwata na dare, ina bakin aiki, aka shigo da wani matashi an ɗauko shi hannu da ƙafa. Mota ce ta kaɗe shi a kan babur. Ƙura da jini sun ɓata fuskar, ban gane ta ba. Agogon hannunsa na gane, gilashinsa ya tsage, domin ni na saya masa ranar da ya gama karatu. Ƙafafuna suka yi sanyi. Na ji bakina yana cewa, "Likita, ƙanena ne." Likitan da ke jagorantar aikin daren ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Sista, za ki iya, ko ki fita?" A ƙa'ida fita ya kamata in yi, amma mu huɗu ne kawai. Na ce zan iya. Ya ce, "To, je ki kansa. Riƙe wuyansa, kada ki saki sai na ce. Ba ki da wani aiki sai wannan."

Na tsaya ta wajen kansa, na sa tafukana biyu a gefen fuskarsa. Kunnuwansa sanyi ƙalau. Ta ƙasan idona ina hango ƙafarsa ta dama, ƙashin ƙauri ya huda fata ya fito fari. Wani dattijo da ya zo da shi har lokacin bai ɗaga hannunsa daga cinyar ba, ya naɗe rigarsa ya danne wani rauni da ita. Wallahi duk jijiyar jikina ce mini take yi in saki kan in tafi wurin ƙafar nan. Ɗan'uwa rabin jiki. Na san ƙa'idar kamar sunana, na koyar da ita, amma a daren ban da wani tunani sai ƙafar. Abin da ya tsare ni shi ne an ba ni aiki ɗaya, kuma muryar likita tana tafiya daki-daki, irin tafiyar da na sani.

Ya fara da cinyar, ya ga dannewar ta tsayar da jinin, ya sa wata sista ta karɓi dattijon da bandeji mai matsewa. Sannan ya sunkuyo ya ce, "Yaya sunanka?" Auta ya buɗe ido, ya ga fuskata a kife a samansa, ya ce, "Yaya... Yaya, ba na iya numfashi." Kalma-kalma take fita, amma ta fita, hanyar iska a buɗe take. Aka sa masa takunkumin oksijin. Almakashi ya bi rigarsa daga ƙasa har wuya. Numfashinsa 36 a minti, gefen hagu yana ɗagawa, na dama ya tsaya kamar an hura shi. Daga inda nake ina ganin jijiyoyin wuyansa sun tashi ruɗu-ruɗu. Likita ya saurari dama bai ji iska ba, ya ƙwanƙwasa da yatsa ta yi amo kamar ganga. Haƙarƙarin da ya karye ya huda huhu, iska tana fita cikin ƙirji da kowane numfashi ba ta da hanyar komawa, ta danne huhun, ta fara ture zuciya tana hana jini dawowa cikinta. Wannan ba a jiran hoto a kansa, wanda ya tsaya jiran hoto gawa zai ɗauka. Ya lalubo tsakanin haƙarƙari ta gefen hammata, ya soka babbar allura. Na ji iskar ta fito fuuu, kamar an sassauta taya. Kafin in ƙirga goma na ga jijiyoyin wuyan sun kwanta a ƙarƙashin yatsuna, leɓɓansa suka fara dawowa daga shuɗi. Daga bisani aka sa bututun roba a wurin, jinin da ya fito bai kai rabin lita ba. Da ya kai lita ɗaya da rabi, da sai an buɗe ƙirjin.

Na ɗauka shi ke nan, an gano. Likita bai ɗauka ba. Bugun zuciya 134, awon jini 88 bisa 60 duk da an sauke iskar. Ya ce, "Yana zuba a wani wuri." Aka sa manyan allurai biyu a hannuwa, aka ɗebi jini don gwaji, aka aika a kawo jini na rukunin O, wanda kusan kowa zai iya karɓa, kafin sakamako ya fito. Ya tambayi dattijon lokaci, ya ce tara da minti goma, ya duba agogonsa da abin ya faru. Tara da minti 55 allurar tiraneksamik ta shiga. Aka naɗe zanin gado aka zagaya shi daidai kan ƙasusuwan da suka turo a saman cinya, aka ɗaure tamau saboda zaton kwatangwalo. Sannan ya ɗora na'urar sikanin a wurare huɗu: ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ƙasan zuciya, gefen hagu, da mara. A gefen hagu ya tsaya. Na ɗaga kai na kalli allon, na ga baƙin zane ya kewaye saifa. Na san ma'anarsa. Saifa ce, gefen hagu ne, saurayi ne.

Daidai lokacin Auta ya motsa leɓe a cikin takunkumin ya ce, "Yaya, ƙishirwa nake ji."

Ban san yadda aka yi hannuna bai saki ba. Na sunkuya na ce, "Na ji, Auta. Ina nan, ba inda zan je." Likita ya haska ƙwayar idonsa da tocila, duka biyun suka tsuke daidai. Ya ce ya matse hannu, ya matse, ya motsa yatsun ƙafa. A ma'aunin hayyaci na Gilasgo, wanda Graham Teasdale da Bryan Jennett suka fitar a 1974, mai tashi daga 3 zuwa 15, ya sami 14. Da ya sauko 8, da sai an zura masa bututun numfashi. Mu huɗu muka mirgina shi gefe ɗaya kamar gungume, ni ce mai ƙirgawa tunda ni ke riƙe da kai, aka duba bayansa, aka mayar, aka lulluɓe shi da barguna. Ƙafar da ta ɗauke mini hankali, wanke ta kawai aka yi, aka rufe, aka miƙe ta a kan katako, aka ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta da na tetanus.

Muna turo shi sai ga Umma a bakin ƙofa, wani ya kira ta da wayarsa. Idonta ya sauka a ƙafar ta rushe da kuka: "Ku duba ƙafarsa mana! Ina za ku kai shi ba ku gyara ƙafar ba?" Ta ji yana kiran ruwa, ta zaro gora daga jakarta. Na ce, "Umma, don girman Allah kada ki ba shi." Kallon da ta yi mini har yau yana idona. Ban da lokacin gaya mata cewa allurar barci za a yi masa, in ya yi amai ruwan zai shiga huhunsa, kuma ƙishirwar nan ba ta maƙoshi ba ce, jini ne jikinsa yake roƙo. Tun daga ranar na daina jin haushin dangin da ke yi mana faɗa don mun yanka tufafi, ko mun hana ruwa, ko mun bar karaya mun koma danna ciki. Idon mai ƙauna raunin da ya gani yake bi. Nawa ma haka ya yi.

Minti 27 tsakanin shigowarsa da shigarsa tiyata. R Adams Cowley, likitan da ya kafa cibiyar masu raunuka a birnin Baltimo na Amurka, shi ya yaɗa maganar cewa awar farko ita ce mai tsada kamar zinare. Gaskiya ya faɗa, sai dai na ga wanda awa uku ta ishe shi, na ga wanda minti goma kawai yake da su. Na Auta, a gefen huhun, ba su kai goma ba.

An cire saifar, an sami tsagewa a hanta aka cusa ƙyallaye aka danne. Likitan tiyata bai tsaya gyara komai da komai ba, domin jiki mai sanyi da tsami ba ya jure doguwar tiyata. Ya tsayar da jini, ya rufe cikin na wucin gadi, aka kai shi ɗakin kulawa ta musamman aka ɗumama shi, aka ci gaba da ƙarin jini da ruwan jini. Bayan kwana biyu aka koma aka ƙarasa. Hoto ya nuna wuyansa lafiya, kwatangwalon ma bai karye ba, kuma babu wanda ya yi da-na-sanin riƙon ko ɗaurin. A dubawa ta biyu, wadda ake bi tun daga gashin kai har tafin ƙafa, aka gano karaya a wuyan hannun da agogon yake. Yau yana tafiya da ɗan ɗingishi. An yi masa rigakafin da ake yi wa marasa saifa, kuma ya san zazzaɓi a wurinsa ba abin jira ba ne.

Dattijon nan na neme shi ban same shi ba, ya tafi ba riga a jikinsa, bai bar suna ba. Auta ya ce abin da yake iya tunawa shi ne mutane sun kewaye shi, wasu sun ɗaga wayoyi suna ɗauka, wani yana cewa a ba shi ruwa, wani yana cewa a ja ƙafar ta koma. Mutumin nan ya hana, ya durƙusa ya danne cinyar, bai ɗaga don leƙawa ba ko sau ɗaya har asibiti, bai zuba komai a raunin ba, ya kuma duba agogo. Ban sani ba ko ya taɓa shiga aji. Ina yi masa addu'a tare da saurayin daren farko, wanda nake ganin fuskarsa duk lokacin da aka kawo mutane da yawa, in wuce masu ihu in fara zagaya waɗanda suka yi shiru a gefe.

A rana ta shida likita ya ce a gwada ba shi ruwa, kurɓi uku kawai. Umma ta zuba a kofi, ta tsaya, sai ta miƙo mini. Hannuna da bai yi rawa ba a daren nan, ranar sai da ruwan ya zuba a kan bargo. Na tallafo kansa, ya sha, ina ƙirgawa. Ya ce, "Yaya, ƙara mini." Na ce sai bayan awa ɗaya. Na ajiye kofin, na kama hannunsa na riƙe, na daɗe ban saki ba. Da ɗumi.